Rediyon Gwadabe Ya Kama Aikin Gwamnati

Jiya da hantsi na raka maƙwabcina Gwadabe gaishe da rediyonsa. Ba tuntuɓen alƙalami na yi ba, rediyo muka je dubawa, kamar yadda ake zuwa duba ɗan'uwa a gidan yari. Tasi ba ta samu ba, domin motocin Fatakwal duk suna layi a gidan mai, a garin da ake tace man. Muka taka da ƙafa daga Creek Road cikin yayyafi, muka isa ƙofar Hukumar Tsara Gobe a jiƙe sharkaf. Maigadi, wani ɗan ƙasarmu mai suna Muntaka, ya gaishe mu har da rusunawa, sannan ya ce ba a ganin na'ura sai Oga yana nan, Oga kuwa ya tafi ƙasar waje koyon yadda ake kunna ta. Da ya ga fuskar Gwadabe sai ya tausaya, ya bar mu muka leƙa ta taga. Tana can kan tebur an lulluɓe ta da farin ƙyalle, na'urar sanyaya ɗaki tana yi mata fifita. Ni da nake biyan haraji, gumi da ruwan sama ne suka haɗu a wuyana.

Bari in faro muku daga tushe. Gwadabe mahauci ne a mayankar Trans-Amadi, kuma a wajen fiɗa ba a kushe masa. Amma abin da yake so a ransa shi ne kwance kayan lantarki. Duk abin da ke da kusa huɗu a bayansa, Gwadabe ba ya samun natsuwa sai ya ga hanjinsa. Tun kafin yaƙin basasa ya sayi wani rediyo mai jikin baƙin ƙarfe. Da gari ya rikice kowa ya kama hanyar Arewa da rigar wuyansa, sai ya bar shi a hannun Mama Ibiso, mai busasshen kifi da ke ɗakin kusa da nasa. Bayan yaƙi ya dawo ya tarar da wasu a ɗakinsa, ko tabarma bai tsira da ita ba. Yana tsaye a tsakar gida bai san inda zai nufa ba, sai ga Mama Ibiso ta sauko da wani ƙunshi daga rufin ɗakinta, naɗe cikin tsohon zani. Ya sa batir, ya murɗa, rediyo ya yi tari ya kama magana. Ya sha gaya mini cewa a ranar ne ya yarda ya dawo gida.

To, da kuɗin mai suka buɗe, kamfanonin Trans-Amadi suka fara zubar da abin da mu ba mu taɓa gani sabo ba. Gwadabe ya riƙa dawowa da tsoka a hannu ɗaya, tarkacen waya a ɗayan. Ya ƙera akwatin katako, ya sa masa gilashi a gaba don a riƙa ganin cikinsa, ya zaunar da tsohon rediyon a tsakiya kamar ango. Ya haɗa masa kaset, ya jera ƙananan ƙwayayen fitila ja da kore masu ƙyaftawa, ya ɗaura fankar wata matacciyar mota tana hura masa iska. A sama ya manna allon wata na'urar lissafi, lambobi suna ta gudu a kai, ba sa nufin komai. Duka da batirin mota yake aiki, saboda masu wuta, Allah ya ƙara musu hutu, ba sa son a dame su. Matarsa Baiwa ta nemi rariyarta ta rasa, sai a bakin lasifika ta gan ta an shafe ta da fentin azurfa.

A cikin wannan akwatin muka ji labarin cewa a ƙasar Turawa samari suna haɗa kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, a ɗakin ajiye mota. Gwadabe ya kasa cin tuwo, ya ce in Allah ya ba shi rai sai ya kai can. Ba a jima ba muka ji cewa mu ma hukumarmu ta sayi tata, wadda za ta tsara mana gobe. Muka yi murna, don yau ɗin ta riga ta gagara.

Wata la'asar an fito da akwatin baranda ana sauraron ƙwallo, sai wata doguwar mota ta tsaya. Sakataren hukumar ne ya fito, cikin farar rigar safari, ya zagaya akwatin yana kallon fitilu. Ashe kwamfutar da aka saya tana cikin jirgi a teku, a bayan jiragen siminti, wasu ma sun ce ba a tabbatar da wane teku ba. Ga shi an riga an buga katin gayyata, Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ba a buɗe ko rijiya sai ya yanka zare, zai zo ranar Alhamis. Sakatare ya nemi aron akwatin na kwana biyu kacal.

Baiwa ta leƙo daga labule ta ce wa mijinta a hankali, mutanen nan ko kwanon abinci aka kai musu ba ya dawowa. Amma Sakatare ya riga ya kira Gwadabe da Injiniya, har sau biyu, a gaban jama'a. Mutumin da ya shekara ashirin ana ce masa mai nama, ina zai iya jin wata magana bayan wannan? Da hannunsa ya ɗora akwatin a mota, ya cire hularsa ya tokare gilashin kada ya fashe.

Ranar Alhamis na je, don ni ba a raba ni da taron da za a ba da lemo. An kafa rumfuna, an kawo 'yan rawa, an tare hanya tun safe har masu kai mara lafiya asibiti suka zagaya. Mai Girma ya iso bayan azahar ya yi jawabi. Ya ce wannan na'ura ƙwararru ne suka ƙera ta a ƙetare, ta san yawanmu, ta san abin da kowa ya karya da shi, kuma daga yau layi ya ƙare a ƙasar nan. Gwadabe yana bayan rumfa a tsaye cikin babbar rigarsa ta Sallah, yana jiran a ambaci sunansa. Aka yanka zare, aka yaye ƙyalle, fitilu suka kama ƙyaftawa, manya suka yi ta gyaɗa kai. Sai Mai Girma ya miƙa yatsa mai zobe ya danna jan maɓallin da ya fi kowanne girma.

Murya ta fito tangaran, da Hausa, daga wata tashar Arewa. Filin gaishe-gaishe ake yi. Tani mai koko tana gaishe da mijinta Idrisu da ke Anaca, tana cewa ya tuna damina ta kusa kuma ɗaki yana yoyo.

Mai Girma ya juyo ya dubi Sakatare. Na ce yau Sakatare ya gama aiki. Ashe ban san gwanaye ba. Ya matso ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, ta fara ƙidayar jama'a ke nan. Daga Arewa ta soma.”

Aka ɓarke da tafi. Washegari jarida ta buga cewa na'urar har harsunan gida take ji. Ina fata dai Idrisu ya samu saƙonsa.

Da Gwadabe ya koma ɗauko kayansa, ya tarar an rubuta lamba da farin fenti a gefen akwatin, an ƙara da cewa kayan gwamnati ne. Sakatare ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi, sannan ya yi masa bayani cikin ladabi. In ya ce akwatin nasa ne, to yana nufin Mai Girma rediyo ya yanka wa zare, kuma akwai wurin da ake ajiye masu irin wannan magana.

Gwadabe ya ce, “Oga, ku riƙe akwatin, ku riƙe fitilun da fankar. Baƙin rediyon nan na ciki kawai nake so. Ba shi da wani amfani a wurinku.”

Sakatare ya ce ai wannan shi ne ƙwaƙwalwar, ba a taɓa shi sai da izini daga sama.

Ya dawo gida hannu wofi. Baiwa, wadda na zaci za ta yi masa gori, ta zuba masa ruwan wanka kawai, kuma wannan ya fi masa ciwo. Mama Ibiso ce da ta ji labari ta ajiye tiren kifinta ta zauna a dakalinmu. Ta ce soja na wannan ɓangare sun bincike ɗakinta, na wancan ma sun bincike, ba wanda ya ga rediyon nan. Ta kaɗa kai ta ce da turancin buroka, wai yaƙi bai ci shi ba, zaman lafiya ne ya cinye shi: “War no chop am. Na peace come chop am.”

Ni ba na ƙorafi, kada a fahimce ni a karkace. A unguwarmu kaf ba wanda ya taɓa samun aikin gwamnati, yau ga namu ya samu, da ofis da sanyi da maigadi, ba ya layin mai, ba ya layin albashi. Wannan ai ci gaba ne.

Gwadabe kuwa ya fara haɗa wani. Wannan karon ba gilashi, ba fitila ko ɗaya. Ya samo fatar bijimi daga mayanka ya lulluɓe shi ruf, har da gashin, ya ce yana so ya yi munin da babu mai farar safarin da zai tsaya dominsa. Na duba, lallai ya yi muni, kuma muryarsa garau.

Na dai ba shi shawara ya riƙa rufe taga in zai kunna. Na ji an kafa kwamitin tattara kayan gargajiya, kuma an ba su mota.