Ranar Da Na Ba Awaki Soron Malam

Ku matso kusa, jama'a, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Ba tatsuniya zan yi ba. Da tatsuniya ce, da sai in ɗora wa wata tsohuwa ta can wani gari mai nisa. To, tsohuwar ni ce.

Ba zan taɓa mantawa ba da bazarar da na kori kaina daga ɗakina na ba awaki, wai don kada a raina jikana.

Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Tsanyawa, inda gona ke jingine da gona, ba ka sanin ƙarshen taka sai ka ga gamba. A tsakiyar gidan akwai soro na ƙasa. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, magini ne ɗan magini, shi ya gina shi shekarar da aka kawo ni. Ni na riƙa ɗebo ruwan kwaɓin a tulu, ina amarya, ina sunkuyar da kai in na zo wucewa ta gabansa. Kaurin bangon ya kai kamu biyu. Rufin na azara ne, bakan gizo huɗu suka taso daga bango suka haɗu a sama kamar hannuwan mai addu'a. Da zafi, ciki kamar randa. Da sanyi, kamar bayan uwa. A ciki na yi jegona duka ban da na fari, a ciki kuma aka yi wa Malam wankan ƙarshe.

Ana nan, sai Allah ya buɗa wa ɗana na fari (ba na kama sunansa, kun sani) a kasuwar hatsi ta Ɗambatta. Ya ce uwarsa ta gama kwana a ƙasa. Ya gina mini ɗakin bulo da rufin kwano, fenti shuɗi, tayil mai santsi, taga har da gilashi. Ranar da aka gama, matan unguwa suka yi ta zuwa kallo, ni kuwa kaina ya kusa taɓa silin. Na tare. Kwana biyu na yi. In rana ta take, kwanon nan ya riƙa ƙas-ƙas, ɗakin ya koma tanda, ni ce wainar. A kwana na biyu tayil ya ɗauke ni da buta a hannu, na zauna ban shirya ba. Na naɗe tabarmata na koma soro. Ɗakin bulo na jere shi da kwanuka na kulle, ya zama na nuna wa baƙi.

Jikana Nasiru, ɗan wannan ɗan nawa, a hannuna ya tashi, a soron nan ya koyi tafiya. Mai gida nake ce masa. Ya yi boko, ya sami aiki a Kano, ya ga wata yarinya mai suna Rukayya a Rijiyar Zaki. Iyayenta suka ce ba za su sa rana ba sai sun turo an ga gidan da ya fito. Gwaggonta za a turo, Hajiya Binta, malama a jami'a, kuma abin da ta je ta faɗa shi za a yi.

Nasiru ya zo ranar Laraba ya durƙusa. "Inna, Asabar za su zo. Don Allah ki bar komai yadda yake, kada ki wahalar da kanki."

Na ce, "Kai, mai gida, yau kai za ka koya mini karɓar baƙi? Na karɓi baƙi tun ubanka bai san wando ba."

Ya yi dariya ya koma Kano. Ni kuwa na zauna na yi tagumi. Na taɓa ratsa Rijiyar Zakin nan a mota sau ɗaya, na ga benaye da gilasai, ƙofar gida ɗaya ta fi zaurenmu girma. Na ce a raina, matar da ta fito daga can, ta zo ta tarar kakar yaro tana kwana a ɗakin laka, ai magana ta mutu. Za ta koma ta ce talauci ya yi musu katutu. Yaron nan kuwa na ga yadda idonsa yake in an ambaci Rukayya.

Soro ba ya rusuwa a kwana uku, ba ya kuma shiga aljihu. Sai Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni ya ba ni shawara: ɗakin ƙasa in da mutum a ciki abin kunya ne, in da awaki a ciki kuwa turke ne, har ma ya nuna akwai dukiya. (Na ce Shaiɗan ne don in sami wanda zan raba laifin da shi. Gaskiya ni kaɗai ce.)

Na sa aka kwashe gadona aka kai ɗakin bulo. Na kwanto awakina huɗu da bunsuru na kora su soro, a kan daɓen da na goge da makuba da hannuna har yana ƙyalli. Na zuba musu harawa. So nake kafin Asabar su yi aikinsu sosai, kada wurin ya yi kama da sabon shiri.

Maƙwabciyata Tasalla, wadda aka kawo mu garin nan shekara ɗaya, ta leƙo ta kan danga. Matar nan bakinta ya fi aska.

"Ke, lafiya? Awakin sadaki aka biya musu ne aka kai su ɗaki?"

Na ce, "Ki ji da naki. Kuma ranar Asabar in kin shigo ki bar bakinki a gida."

"Zan bar shi," in ji ta, "in ya yarda ya zauna."

Abin da ban lissafa ba shi ne zafi. Bazara ce ta sosai, ko kaza ba ta fitowa da rana. Alhamis da hantsi na ji kaina zai dahu a ɗakin bulo, na waiga babu kowa, na ɗauki tabarma da matashi na lallaɓa soro na raɓa gefen awaki. Juma'a ma haka. Na mayar da rediyona da carbina da ƙullin gorona cikin alkuki, wato ramin nan na jikin bango da Malam ya yi mini daidai tsawon hannuna. Ranar Asabar, bayan na gama girki na yi ado, na ce bari in ɗan sha sanyi kafin su iso. Ina kishingiɗe na ji odar mota. Na zabura na fita da gudun da na manta ina da shi, na ja ƙyauren na rufe.

Hajiya Binta ta zo da mata biyu. Doguwa ce, ba ta da hayaniya, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Na kai su ɗakin bulo na zaunar da su a kujerun roba. Na rufe taga ruf, don kada warin bunsuru ya shigo. Na kawo fura da nono da kaza. Tasalla ta shigo ta sami gefe ta zauna kamar mutuniyar kirki.

Ba a gama gaisuwa ba gumi ya fara gaisuwa. Ɗaya daga cikin matan nan hodar fuskarta ta narke tana gangarowa kamar kunu. Hajiya tana fifita da gefen mayafi. Ni kuwa bakina ya buɗe.

"Ai mu nan duk ginin zamani muke yi," na ce. "Ni ginin ƙasa ko kyauta aka ba ni ba na so. Ga gara, ga kunama, ga yaɓe duk shekara. Wa yake ta laka yanzu in ba jahili ba?"

Tasalla ta yi tari. Na harare ta.

Hajiya ta ce, "Inna, tun daga hanya na hango wani soro a tsakar gidan nan. Ko za ki bari in gani?"

"Wanne? Au, wancan kangon? Ɗakin awaki ne, Hajiya. Rabon ƙafata da shi ya fi shekara goma."

"Duk da haka, in ba damuwa."

Na ce akwai wari. Ta ce ba komai. Na ce ƙyauren ya maƙale. Tasalla, Allah ya saka mata da abin da ta cancanta, ta miƙe ta ce, "Ai da yatsa ɗaya yake buɗuwa."

Muka fita a jere, ni a baya kamar wadda za a kai gaban alƙali. Tasalla ta tura ƙyaure. Sanyi ya fito ya tarye mu, wari na biye da shi. Sai ga wata murya daga ciki, wani mutum yana ta miƙa gaisuwa ga masoya na kusa da na nesa. Rediyona ne. Ban kashe shi ba.

Ga tabarmata a shimfiɗe, ga matashina, ga uwar awakin ta haye kai tana tuƙa kamar ita ta saya. Ga carbi a rataye. Ga goro a jiƙaƙƙen ƙyalle, ɓarin da na gutsura bai ko yi ja ba.

Tasalla ta tafa hannu ta rusuna wa akuyar. "Sannu da hutawa, uwar ɗaki! Ashe har goro kike ci, fari ma? Ga carbi, ga rediyo. Shekara goma kina nan ba mu zo gaisuwa ba, ki yafe mana."

Matan nan biyu suka toshe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ta ji abin da na faɗa a kanta.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Abin da ta yi shi ya fi dariyar ciwo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmanta. Ta taka daɓen nan da ƙafa tsirara, cikin kashin awaki, ta je tsakiya ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallon inda bakan gizo huɗun suka haɗu. Ta shafa bango da tafin hannu.

"Inna, wa ya gina wannan?"

Ga dama ta biyu Allah ya ba ni. Na ce, "Oho, mutanen da."

A nan muryar Tasalla ta sauya, babu wasa a ciki. "Mijinta ne, Hajiya. Malam. Ita ta ɗebo ruwan kwaɓin, ina gani da idona."

"Na sani," in ji Hajiya a hankali. "Nasiru ya gaya mini. Ranar da ya zo gaishe ni, da na tambaye shi gidansu, bai ambaci mota ko kasuwa ba. Soron kakansa ya yi ta ba ni labari. Ni zanen gine-gine nake koyarwa, Inna. Tafiya mai nisa nake kai ɗalibaina su ga irin wannan, masu iya ɗaure rufi haka sun kusa ƙarewa. Shi ya sa na ce ni zan zo. Yaron da ba ya jin kunyar inda ya fito, shi nake so wa 'yarmu."

Yaro bai ji kunya ba. Tsohuwa mai furfura ce ta ji. Na dafa bangon nan, na ji sanyinsa a hannuna, sai hawaye. Na ce, "Hajiya, ƙarya na yi. Nan ne ɗakina. Awakin ranar Laraba suka tare. Na ji tsoro ne ki raina Nasiru, sai na raina kakansa. Laifina kada ya shafi yaron."

Ta kama hannuna. "Ba zai shafe shi ba. Amma da sharaɗi: a fitar da masu ɗakin nan mu ƙarasa hirarmu a ciki. In kin mayar da mu wancan, ba za mu kai Kano da rai ba."

Aka kori awaki, bunsurun sai da Tasalla ta ja shi ta ƙaho. Aka share, aka shimfiɗa sababbin tabarmi, aka sa turare ya yi iya ƙoƙarinsa. Mai hodar nan ba ta gama shan fura ba barci ya kwashe ta.

Ba zan ci amanar ɗakin bulo ba, yana da ranarsa. Ba ya neman yaɓe, damina ba ta ba shi tsoro, sai dai in ruwa ya sauka a kwano ba ka jin na kusa da kai. Soro kuwa kamar tsoho ne, sai da kulawa, amma shi ke rufa asiri. Ni ce dai na tashi tona masa nasa, ya tona mini nawa.

An sa rana bayan Sallah, an ɗaura aure, yanzu har da goyo. Hajiya Binta ta dawo da ɗalibanta cike da mota, suka yi ta awo da hoto, ina zaune ina ba su labarin Malam kamar ban taɓa cewa oho ba. Ɗana ya ɗan ji haushin an kushe ɗakin da ya gina mini, ya huce, yanzu shi ke kawo masu yaɓe kafin damina, ɗakin bulo kuma gyaɗa ke kwana a ciki. Nasiru in ya zo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Salamu alaikum, Inna ce a ciki ko awaki?" Tasalla ta kai labarin kowane gidan suna daga nan har Ɗambatta, shi ya sa na ce gara in faɗa da bakina. Bunsurun shi aka yanka a bikin. Rukayya kuwa ga ta nan, ita ke rubuta abin da nake faɗa, sau uku tana ajiye biro don dariya.

Wanda ya ji kunyar inuwar da ta raine shi, rana ce za ta hukunta shi. Har yau in hadari ya taso ƙasa ta yi laima, warin bunsurun nan yakan ɗan taso daga daɓe. Ba na kunna turare. Nakan bar shi ya gama yi mini wa'azi.

Ga kunnuwanku nan, na gode da aro.