Sunan Balaraba a Bangon Ofishin Gona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfuta ta tona min asiri a Ƙaraye ba, a gaban mutumin da nake fatan ya zama surukina.

Ni ɗan Rogo ne, aiki ya jefa ni Legas. Sana'ata ita ce in karɓi manhajar da masana suka riga suka haɗa a can ƙasarsu, in yi mata gyare-gyare har ta yarda ta tashi a kan irin kwamfutocinmu. Irin wannan manhaja ba a ba ka cikinta, a ƙulle take zuwa. Kuma ba ta tashi ita kaɗai, sai ta tarar da wasu ƙananan fayiloli a daidai inda aka ce mata suna nan.

Wata ƙungiya ta kawo manhajar auna ƙasar noma don masu gyaɗa, aka ba ni gyaranta. Aka ce in ta yi aiki za a ajiye ma'aikaci a Ƙaraye. Wayyo, gida! Ƙaraye ai maƙwabciyar Rogo ce. Na gaji da cin tuwon kanti, na gaji da gaida Inna ta waya. Ga kuma Balaraba, 'yar wani mai unguwa a wajen Zoza, wadda muka daɗe da fahimtar juna amma ban turo manya ba (kullum sai in ce bari aiki ya zauna tukuna).

Na sha fama da manhajar nan. Da ta ƙi ganin fayilolinta, sai na yi dabarar malalata: na kwashe su na zuba a wata folda tawa, na nuna mata hanya. Ta tashi garau. Ban gwada ta a kwamfutar kowa ba, don a ganina na gama.

Ranar nuni ofishin gona na Ƙaraye ya cika. Manoma daga Falgore, masu unguwanni, ga Baban Balaraba a kujerar gaba. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Sannu ɗana, Allah ya yi albarka." Malamin gona ya ce a yi amfani da kwamfutar ofis, ita ce a haɗe da majigi. Na ce ba komai (ji ƙarfin hali!). Na saka, na danna.

Ba ta tashi ba. Sai wani dogon rubutu ya fito a bango, ɓaro-ɓaro, manhajar tana kukan ba ta ga foldar da aka nuna mata ba, don foldar tana cikin tawa kwamfutar. Malamin gona, bawan Allah mai son taimako, ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi:

"Ta ce wai ba ta samu... Balarabata-ta-Zoza ba. Injiniya, wace ce wannan kuma?"

Innalillahi! Sunan da na sa wa foldar ke nan tun ina sabon zuwa Legas. Wani tsoho ya yi tari, na baya suka fara ƙunshe dariya. Ni kuwa gumi har cikin takalmi. Baba bai ko dube ni ba. Ya gyara hularsa, ya ce a hankali, "Ai ba za ta same ta a nan ba. Mai nemanta gida yake zuwa."

Aikin dai wani aka ba. Kunya ta hana ni taka Zoza, na ce sai maganar ta kwanta. Sai daga baya na gane ashe ƙofa Baba ya buɗe min a ranar. Kafin in gane, wani ya je gidan da manyansa.

Yanzu ba na sakin manhaja sai na gwada ta a kwamfutar da ba ta san ni ba. Kuma ina gaya wa samarin ofis su tura manya da wuri, kafin na'ura ta riga su.

Foldar tana nan da sunanta. In abokan aiki suka tambaya, sai in ce in na canza abubuwa da yawa za su lalace. Wallahi ba ƙarya nake yi ba.