Ɗakin Inna da Na Rushe

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutanen garinmu, can wajen Kanan-Bakache, wai zan koya musu yadda ake gina ɗaki mai sanyi.

Bari in faro daga tushe. Shekarar da na fara koyarwa a Tasawa na dawo gida kaina a kumbure, na dubi ɗakin mahaifiyata, Inna, na ga bai dace da uwar ma'aikaci ba. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, rufin azara, da 'yar taga can sama. Na kira Baba Illa magini na ce a rushe. Ya yi ta jan ƙafa, Inna ma ta ce ɗakin bai yi mata laifin komai ba, amma ni na riga na hango kwano yana walƙiya tun daga bakin hanya. Aka jera bulo, aka shafe da siminti, aka buga kwano. Har hoto na ɗauka na nuna wa abokan aiki.

Bazara na shigowa ɗakin ya zama tanda. Inna ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Ta dai ɗauki tabarmarta ta koma gindin bishiyar bedi, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana bin inuwa daga hantsi har la'asar. In na zo hutu na gan ta, sai in ce ai iska take so (ka ji irin ƙaryar da mutum ke yi wa kansa).

Bayan wasu shekaru aka tura mu horo a Maradi kan gidajen da ke sanyaya kansu ba fanka ba lantarki. Abin yana da wani dogon suna na Faransanci, na rubuta shi na ja masa layi biyu. Na dawo da zumuɗi: zan gyara wa Inna ɗaki kafin zafi ya sake kamawa, gari duka kuma ya ƙaru da ilimina.

Ranar kasuwa bayan la'asar na tsaya ƙofar gidan mai gari da ƙatuwar takarda, na zana, na yi bayani, ina jefa Faransanci inda Hausa ta ishe ni. Na ce sabon ilimi ne, yanzu masana suka gano shi. Baba Illa yana zaune kan buzunsa har na gama, sannan ya ɗaga hannu.

"Mushe," in ji shi (haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a wurinmu, kada mutanen Kano su tsorata), "kaurin bangon ga kamu guda ne?"

Na ce haka ne. Ya tambaya ko tagar ƙarama ce, can sama. Na ce ƙwarai. Rufin kuma ƙasa? Na juya ga jama'a ina yaba masa, na ce ku ga dattijo mai saurin fahimta.

"To ai shi ne wanda ka sa ni rushewa. Kwana ukku muna dukanshi da diga yana ƙi."

Da ma an yi dariya, da na samu sauƙi. Ba a yi ba. Mai gari ya shiga gyaran rawani, wani ya yi tari, ni kuwa na rasa ta inda ake naɗe takarda.

Labari ya riga ni isa gida. Na durƙusa gaban Inna na ce zan mayar mata da ɗakinta yadda yake. Ta ce bango da rufi ba su gagari Illa ba.

"Daɓen hwa? Ƙawayena tara sunka yi mini shi da ruwan makuba, suna waƙa, shekarar da anka kawo ni gidan ga. Saura Hajo kaɗai, ita ko ba ta gani."

Sai lokacin na tuna da shi: sanyinsa a kumatuna in na kwanta da rana, da ƙamshin da yake tashi in Inna ta yayyafa ruwa. Kewa ta kama ni kamar yau aka fasa shi.

An sake ginin, yana da sanyi, Inna ta koma ciki kafin bazara. Daɓen dai ba irin wancan ba ne, mu biyu mun sani, ba mai faɗi. Tun daga nan, in na ga tsohon abu a gidanmu ya tsone mini ido, ba na saurin kiran mai diga. Jira nake a sa masa sunan Faransanci tukuna.