Tulu na Uku

Ba zan taɓa mantawa da wankan da na yi a ƙauyenmu ba, kuma ko na so in manta, akwai tsofaffi a arewacin Affala da suka mai da tuna mini shi sana'a.

Shekarun nan ne da dimokuraɗiyya ta shigo, albashi ya fita. Ina koyarwa a wata lakwal a Tawa (makarantar boko ke nan, inda ake ce wa malami Mushe), yau yajin aiki, gobe taron jam'iyya, tukunyar gida kuwa shiru. Ana cikin haka wani abokina ya haɗa ni da wasu tsofaffin Nasaru biyu, Madam Kilodin da mijinta. Ba otal suke so ba. Su dai a kai su ƙauye, su kwana inda mutane ke kwana, su ci abin da ake ci, abin da za su biya kuma ya shiga hannun mutanen garin. In abin ya yi kyau za su riƙa turo wasu, ni ne jagora. Na ce ai kun zo gida, ni ɗan ƙauye ne gaba da baya (rabona da in yi mako guda a garin tun ina ɗan shekara bakwai, amma ban ga dalilin da zai sa in dame su da wannan ba).

Gwaggo Tsahara, ƙanwar mahaifina, ita ce shugabar ƙungiyar matan garin, don haka wurinta na fara zuwa. Bazara ce. Rijiya ɗaya ce, zurfinta ya kai gaba arba'in, kuma rabo ake yi: safiya ta matan gari, tsakar rana ta Fulani da shanunsu, yamma ta Buzaye.

"Mun yarda, amma gwaji na," in ji Gwaggo. "Tulu guda ga kowane baƙo a wuni. In anka yi muna ɓarnar ruwa, kai da su duk ku koma Tawa."

"Ni fa, Gwaggo?"

"Kai ai ɗan gida na. Ka sha daga randar gida."

Daɗin da na ji bai faɗuwa. Na koma na rubuta wa baƙin dokoki goma da Faransanci, na ja musu layi da jar biro. A tashar mota na tsayar da tsofaffin mutane cikin rana kusan awa guda ina musu huɗuba. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. Ba a shiga gida sai da sallama. Da na zo doka ta uku har yatsa na ɗaga: duk wanda ya taɓa ruwan da ba nasa ba, zai je rijiya ya mayar da hannunsa. Na ce musu ku a ƙasarku famfo kuke murɗawa, ba ku san zafin ruwa ba. Ni da nake da famfo a tsakar gidana a Tawa!

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, mutanen nan ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Ko ɗaya! Madam za ta wanke fuska da moɗa guda, ta tari ruwan a ƙwarya, ta kai wa kaji. Mijin ya sha fura har yana lashe gashin baki. Ni kuwa ɗan gida, zafi ya fito mini a wuya, ƙaiƙayi ya hana ni sakat.

Ran na uku muka tafi da ƙafa kallon gonakin da mata suka jera wa duwatsu don tare ruwan sama. Muka dawo bayan azahar, na yi jawur da ƙura. Na zagaya bayan zanar gidan Gwaggo, sai ga wata ƙatuwar tukunya cike fal da ruwa, an ɗora mata damin ganyen bedi, wato darbejiya, a baki. Na ce Allah sarki, har inuwa suka yi masa don ya yi sanyi. Na jefar da ganyen gefe. Na yi wanka da sabulu mai ƙamshi, na sake. Na wanke farar rigata. Na wanke safa. Da na ga sauran ruwa a gindin tukunya, sai na wanke takalmi (eh, takalmi, ba sai an maimaita mini ba).

Ina shanya riga ina fito, sai na ji salati a bayana. Wata tsohuwa ce da itace a hannu, ta zo hura wuta. Kafin in ce me, tsakar gidan ya cika da mata.

"Wa yat taɓa ruwan Habsu?" in ji Gwaggo.

Habsu matar ɗanta ce, kwananta huɗu da haihuwa. Ruwan wankan jegonta ne na yamma, ganyen kuwa na fyaɗa ruwan zafin ne a jiki. Kowace mace a unguwar ta rage daga na gidanta ta zuba a tukunyar. Kowane yaro a garin ya san abin da tukunya mai ganye take nufi. Har Madam ta sani, don ashe tun shekaranjiya take juye rabin tulunta a ciki, da bebanci suka fahimci juna da matan.

Na fara kame-kame. Na ce ai kamata ya yi a sa alama. Gwaggo ta ɗago ganyen daga ƙasa ta kaɗa mini shi a fuska.

"Wanga mi na, Mushe? Ko sai mun rubuta maka da jar biro?"

Sai ta juya wurin Madam, ta yi mata alamar takarda da hannu. Ita kuwa baiwar Allah, maimakon ta ce ta ɓata, sai ta zaro ta daga jaka a ninke tsaf. Gwaggo ta ce ta karanta, ni in fassara. Jama'a, a yi mini adalci, a wace ƙasa ake sa mutum ya fassara hukuncinsa da bakinsa? Madam na karantowa a hankali, ni ina mayarwa da Hausa, da tawul a wuya, takalmina na ɗiga a kan zana. Da muka zo ta uku na yi ƙasa da murya.

"Ba mu jiya ba," in ji wata daga baya. "Ɗaga murya, kamar a lakwal."

Na ɗaga. Gwaggo ta ce in tukunyar ba ta cika kafin la'asar sakaliya ba, maganar baƙi ta mutu daga yau.

Lokacin Fulani ne a rijiya. Sai da na durƙusa gaban wani dattijo mai shanu na roƙe shi guga shida. Ya tambayi dalili, na faɗa, ya kira 'yan uwansa ya ce in sake faɗa. Ya ba ni igiya, amma ya ce san da ke ja masa guga ya gaji, in ja da hannu. A guga na biyu tafin hannuna ya yi bororo, a na huɗu ya fashe. Buzayen da suka fara isowa da jakuna suka zauna kallo, ba wanda ya yi dariya a fili, sai dai rawunna na ta girgiza. Sahu uku na yi da tulu a ka, ruwa na tsiyaya cikin wuyana, ta tsakiyar gari.

A sahu na ƙarshe mijin Madam ya tare ni da na'urar hoto, cikin ladabi ya ce, bisa doka ta ɗaya, ko na ba shi izini? Na ce a'a! Gwaggo ta tambaya me yake so, wani tsohon ɗan ci-rani da ya zauna Abijan ya gaya mata.

"Ɗauka, ɗana na," ta ce. "Ni na ba da izini."

Habsu ta yi wankanta kafin magariba. Matan suka zauna suka yanke cewa baƙi su ci gaba da zuwa, mutanen kirki ne. Na yi ajiyar zuciya, na ce to, an wuce wurin.

Da safe na fito, a gindin bishiyar da ake ajiye wa baƙi ruwa sai na ga tuluna uku. Na ce, "Gwaggo, wani baƙon za a yi?"

"An riga an yi shi," ta ce, ba ta ko ɗago kai daga turmi ba.

Wannan ya fi bororon ciwo, kuma ban yafe ba. Shekara nawa ke nan, na kai baƙi garin ba adadi, yaron Habsu ya yi gemu, amma duk ran da na sauka tuluna na nan a layin baƙi. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka tsayar da mutane a rana kana koya musu yadda ake zama a garinku, ka fara tambaya ko garin yana lissafa ka cikin 'yan gida. Yanzu in na ga ganye a bakin tukunya, ko ta miya ce, sai na yi sallama na tambayi mai ita.