Tokar Goshin Inna Saratu

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na fara taka ƙafa a sabon cocinmu ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini sauran tunani. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekarar da taki ya gagari talaka ce, har ɓarayi suka koma rore wa mutane wake a gona. Wata Lahadi na yi sammako na rore ɗan nawa kafin a riga ni, na shiga sujada a makare. Fastonmu ya tsai da wa'azi ya ce, wai akwai waɗanda wake ya fi musu Ubangiji daraja. Bai kira suna ba (ina amfanin kiran suna, ga harawa maƙale a zanina?). Ni da na tsufa ina share cocin nan! Na fice, na rantse ba ni ba komawa.

To mu Kirista a karkararmu ba mu da yawa, balle a yi ta zaɓen coci. A ɗaka na yi Kirsimeti, ina huci. Sai Rifkatu, matar ƙanin maigidana, ta ce, "Yaya, ki zo namu na wajen Tsanyawa mana. Mu komai da lokacinsa. Ranar Laraba za mu shiga azumi har zuwa Ista, ba cin nama ran Juma'a."

Na ce, "Wane naman? Ai mu tun bara muke wannan azumin."

Ta faɗa mini kalar zanin da zan ɗaura, ta faɗa mini inda mata ke zama. Abu ɗaya da ya kamata ta faɗa, shi ta haɗiye.

Kuɗin mota ya fi ƙarfina, don haka ta cikin gonaki na yanka da ƙafa. Ko da na isa an kusa tashi. A gindin darbejiya, bakin ƙofa, na tarar da wata tsohuwa zaune a tabarma tana miƙe ƙafa, ga wani baƙi rangaɗau a goshinta. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce a raina yau za su san sun samu mace mai hankali.

"Inna, wa ya bar ki kika fito haka? Baƙin tukunya ne a goshinki."

Ta ɗaga hannu. "Bari, 'yar nan, bari!"

Na zaci kunya take ji. Na jiƙa bakin mayafina da yawu, na tallafe mata ƙeya, na shiga dirza. Tana ture ni ina ƙara ƙarfi (hannun da ya saba surfe ne fa), ina ta faɗa: "'Ya'yan yanzu ba su da kula! A ce uwarku ta shiga mutane kamar wadda ta kwana a murhu?"

Na goge shi tas. Ina cikin duba aikina sai aka buɗe ƙofa.

Maza, mata, yara, kowa da baƙin gicciye a goshi. Har da Rifkatu. A gabansu ga katekis, mai ja musu sujada, riƙe da ɗan kwano.

Tsohuwar ta fasa ihu: "Ta goge mini! Bulus, ta goge mini tokata!"

Ashe Inna Saratu ce, mahaifiyar Bulus katekis ɗin, kuma shi ne ɗan yanzun da nake zagi. Ya dube ni, ya dubi kwanon, ya ce a sanyaye, "Baiwar Allah, yau Larabar Toka ce, ranar da muke shafa toka a goshi don shiga azumi. Ga shi kuma tokar ta ƙare."

Na waiga wajen Rifkatu ko za ta cece ni. Tana jingine da bango, ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Da ba a harabar coci muke ba, da ranar ta ji a jikinta.

Inna Saratu ta fizgo mayafina, ta dangwalo baƙin da babban yatsa ta mayar goshinta. Ragowar ta danna a nawa, da ƙarfin da sai da na ga taurari.

"Ki tuna ke turɓaya ce," in ji ta, yadda ake faɗa in ana shafa tokar. "Turɓaya mai shisshigi."

Cocin ya ɗauki dariya, har katekis.

A hanyar gida na yi gaba ina huci, Rifkatu na biye da ni. Ita kuwa sai cewa take, "Yaya, ai na zaci kin sani." A ina zan sani? A mafarki?

A cocin nan na zauna dai, don ba ni da fuskar neman coci na uku. Yara har yau Mai Gogewa suke ce mini a bayan ido. Abin da na koya shi ne, in ka je baƙon wuri ka naɗe hannunka a mayafi. Yanzu ko tuwo na gani a goshin mutum, sai in ce masa barka da ibada in wuce.