Kangon Ayilan da Baba Ya Gyara

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi musun ubana a gaban mutum arba'in ba, kuma duk a kan wani kango da ke ƙasar Ayilan, wadda ni da shi ba wanda ya taɓa taka ta.

Ina shekarar ƙarshe a sashen zanen gine-gine a Khartoum, zamanin da sojoji suka zauna daram a kan mulki. An sallami malamai da yawa, wasu sun bar ƙasar, sabon littafi kuwa ya daina shigowa laburare. Cikin waɗanda suka rage akwai wani dattijo da muke kira Doktor, wanda ya yi karatu a Ayilan yana saurayi. Shi ya raba mana tsofaffin gine-ginen duniya, ya ce kowa ya yi ƙaramin samfurin nasa yadda yake a yau.

Ni na samu wata ƙal'a, wato gidan tsaro na dutse mai hawa biyar, da wani gidan sarauta ya gina wajen shekara ɗari biyar da suka wuce don tsare mashigar kogi da shanunsa. Tagoginta tsaga ne kawai, daidai harba kibiya. Matakalarta tana murɗawa a cikin bango, kuma saman ƙofa akwai ramin da ake sako wa baƙon da ba a gayyata ba dutse a ka. Daga baya igwa ta rushe gefe guda a wani yaƙi, rufin ya tafi, ruwan sama ya ci gaba da cin sauran. Hoto ɗaya tal nake da shi, na fotokofi, shi ma ciyawa ta rufe gindin ginin.

Mako uku ina fama da laka a tsakar gidanmu a Umbadda, wata unguwa a Omdurman. Rusasshen gefen na fi alfahari da shi, don da tsinke na yi ta ƙwaƙularsa har ya yi kama da hoton.

Babana magini ne. Daga gonakin auduga na Gezira ya zo Omdurman, ya shekara talatin yana ɗora bangon laka, kuma kafin kowace damina yana bin gidaje yana shafe su da zibala, kashin dabbobin nan da ake jiƙawa don kada ruwa ya ci bango. A makaranta kuwa cewa na yi ɗan kwangila ne (har mota na ba shi, fara).

Ana gobe gabatarwa na dawo da la'asar, sai na tarar Baba ya gyara mini ƙal'a. Ya cike rusasshen gefen tsaf. Ya yi mata rufi har da indararo. Ya ƙara wa gindinta faɗi, sannan ya shafe ta da zibala sama da ƙasa.

"Ka ce garin kullum ruwa ake yi," in ji shi yana wanke hannu. "Ya za ka kai wa malamai ɗaki a buɗe, ya waladi, ɗana? Sai su ce ba ka da kowa a gida."

Na shige ɗaki. Ba lokacin yin wata.

Da safe ya ce sai ya raka ni, don a lokacin sojoji kan tare motocin haya su sauke samari. Ya ce ko an sauke ni, ƙal'ar dai za ta isa. Ya naɗe rawaninsa ya yi gammo, ya ɗauko ta a ka daga tasha har zauren gabatarwa. Ya sauke, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Wari ya riga ni yin bayani. 'Yan layin gaba suka toshe hanci, dariya ta tashi daga baya. Doktor ya zagaya teburin ya ce, "Kango na sa ka kawo, ka kawo mini gidan da za a tare gobe. Wa ya yi wannan?"

Tsoro da kunya suka haɗu mini, na ji bakina yana cewa, "Wani lebura ne maƙwabcinmu, Doktor. Bai san komai ba, ya ɓata mini aiki." (Da Larabci na faɗa, ba da harshenmu na gida ba, kamar Baba ba a cikin Larabcin ya tsufa ba.)

Doktor bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya shafa gindin samfurin. "Wannan faɗin ba ya cikin hotonka," in ji shi. "Amma yana can, da hannuna na taɓa shi. Haka suka gina ta, kauri a ƙasa, tana hawa tana tsukewa. Na daɗe ina ba ɗalibai ƙal'ar nan, ba wanda ya taɓa sa shi. Leburan nan, wa ya faɗa masa?"

Daga bakin ƙofa Baba ya amsa. "Ba wanda ya faɗa mini, ya Doktor. Hawa biyar ne. Ko su da dutse suka yi, ai sai sun ba shi wurin zama."

Kowa ya waiwaya.

"Kai ne maƙwabcin?" in ji Doktor.

Baba ya dube ni sau ɗaya, ba fushi a idonsa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba.

"Ni ne," ya ce. "Maƙwabcinsu ne ni. Ma'alesh, a yi haƙuri, kada a rage wa yaron komai, laifina ne."

Na ci jarrabawar da ƙyar. A mota muna komawa, tambaya ɗaya ya yi mini, ko na ci. Na ce na ci. Ya ce alhamdu lillahi, ya warware gammon ya mayar da rawaninsa. Har Allah ya karɓi ransa bai tayar da maganar ba, ni ma ban samu ƙarfin halin tayar da ita ba.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, kuma ya zo a makare. Yanzu ko sunana kawai aka tambaye ni sai na ƙara da cewa ubana magini ne, mai laka da zibala, har abokan aikina sun gaji da ji. Na faɗa wa mutane ba iyaka. Mutum ɗaya ne ban faɗa a gabansa ba.