Yadda Za Ka Gina Gida Da Tarkace Ka Tsere Wa Surukarka

Shekara uku kana raɓe a gidan surukarka, kullum kana shan labarin tsohon gidansu da hanya ta cinye? Ta rantse 'yarta ba za ta tare ko'ina ba sai ta ga wurin da idonta? Share hawayenka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka fita. Ni na gwada.

1. Gyara bakinka

Kada ka kuskura ka ce ba ka da hali. Ka ce kishin muhalli ne ya hana ka sayen sabon kaya. Ka faɗa da ƙarfi, kana shafa gemu.

2. Tara kaya, zane ya biyo baya

Je wurin mai tsofaffin kayan gini ka kwaso tagogi: biyu na makaranta, ɗaya ta motar bas. Magini zai ce, "Maigida, tagar nan ta fi bangon faɗi." Ka ce a ƙara bango. Idan ya yi tsaki, ka tausaya masa, bai waye ba.

3. Rufi

Tsohon kwano yana zuwa da ramukan ƙusa. Da rani haske ne kyauta. Da damina ka jera bokitai a falo, ka ce wa baƙi tsarin tara ruwan sama ne.

4. Ƙofa

Nan mutuncinka yake. Zaɓi ta katako mai nauyi, kada ka tambayi daga ina ta fito. Za ka ga wasu zane-zane a gefenta, kuma ba ta buɗuwa sai an yi kokawa. Bar ta haka, fenti na marasa ilimi ne.

5. Ranar dubawa

Ga surukarka, ga matarka a bayanta. Murɗa makulli. Ƙofa za ta ƙi. Sa kafaɗa, gumi na zuba.

"Matsa," in ji surukarka.

Za ta ɗaga mariƙin kaɗan, ta dangware ƙasan da gwiwa, ƙofa ta buɗe salin-alin. Sai ta tsaya tana shafa zanen nan.

"Tsayin matarka ne wannan, tana shekara biyar. Babanta ne ya zana da ƙusa, Allah ya jiƙansa."

Za su yi kuka su biyu. Kai ma za ka ji ƙwalla, ba laifi ba ne. Sai ka durƙusa ka ce, "Mama, gidan ya yi?"

"Ya yi, ɗana. Gobe ku tare. A haɗo da kayana, don ni da ƙofar nan ba mai sake raba mu."

Gargaɗi: alkawarina shi ne za ka fita daga gidanta, kuma ka fita. Abin da ya biyo ka ba ruwana. Mai ƙorafi ya same ni a gida, amma ya ƙwanƙwasa a hankali, Mama tana hutawa a babban ɗaki.